Wane yare ne ya fi karya harshen Bahaushe?

Malamin Firamare, Sule Tankarkar:
Salamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a majalisarmu bayan isha'i, ga ta nan ku raba mana. Ni dai na ce Turanci ne ya fi wuyar faɗa. Ɗalibaina 'yan aji huɗu ko a yanka su ba sa raba p da f, tunda Hausa ba ta raba su ba. In kuma baƙaƙe biyu suka haɗu a farkon kalma sai sun cusa wasali a tsakani, kamar yadda kakanninmu suka yi har muka samu burodi da direba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rubutunsa daban, faɗarsa daban. Wani abokina ya ce Sinanci ne, alhali bai taɓa ganin ɗan Sin ba sai a waya. Me kuka gani?

Malamin Islamiyya, Ringim:
Wa alaikumus salam. Malam, ka tsallake na gida. Larabci muke rainawa don mun taso da shi tun makarantar allo, amma sabo daban, iyawa daban. Malaman tajwidi da yawa sun ƙirga mafitar haruffa 17, muna da nawa a ciki? Dubi harafin ض kaɗai. Ya gagari magabatanmu har suka mai da shi l, shi ne a alwala da farilla da lalura da alƙali. ث kuwa ya koma s, shi ya sa muke cewa Usman. Ga ح da ه, ga ع da hamza. Ina da ɗalibai magidanta, wasu sun sauke tun suna yara, amma sai mu shafe watanni a kan Fatiha muna gyaran ƙarshenta. Kuma kuskure a Turanci dariya za a yi maka, wannan kuwa salla ce.

Dillali, Maigatari:
Allah ya gafarta malam, gaskiyarka. Amma ku zo kasuwarmu ranar Alhamis ku ji jami'an Nijar suna Faransanci. Rabi ta hanci yake fita. R ɗinsu kuma daga maƙogwaro, kusan غ, don haka almajiri ya fi ɗan boko saurin kama shi.

Yaron Shago, ɗan Gezawa:
Ni a Kantin Kwari nake, ina cuɗanya da 'yan Sin. Sinancin Mandarin karin sauti huɗu gare shi, "ma" ɗaya tana iya zama uwa ko doki ko zagi. Karin sautin nan Bature yake firgitawa, mu da muke raba kuka ta miya da kuka na jariri da murya kawai ba baƙonmu ba ne. Rubutun ne dai sai a hankali. Kuma ku sa ɗayansu ya ce "ƙanƙara" ko "tsuntsu" ku sha kallo.

Malamin Firamare, Sule Tankarkar:
Na gode ƙwarai. Malam na Ringim, yaushe kuke ajin magidantan nan, safe ko dare?