Afolo a Idon Yaro: A Zauna Gida ko a Tafi Asibiti?

Da maganar ta taso tsakanin iyaye mata, har da wata ma'aikaciyar jinya a cikinsu, an fi karkata ga cewa jan ido da ɗan ƙwantsa kaɗai ba ya tayar da hankali. Yawanci ƙwayar bairas ce, takan wuce cikin mako 1 zuwa 2. A goge idon da auduga da tafasasshen ruwa da ya huce, kowane ido da tasa audugar, a riƙa wanke hannu, a ware wa yaron tawul ɗinsa.

Inda aka ɗan ja shi ne batun ɗiga nono ko ruwan sukari. Ma'aikaciyar jinyar ta hana, ni ma ina bayanta. Haka maganin ɗigo na kemis ba da takardar likita ba, don wasu na ɗauke da wani sinadari da ake kira sitiroyid mai iya lalata ido.

Amma in fatar idon ta kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko yaron na gudun haske, ko farin tabo ya fito a baƙin idon, ko ƙuraje irin na ƙyanda, to a tafi asibiti a ranar. Jaririn da bai kai kwana 28 ba kuwa, ba a jira ko kaɗan.