An yi wa awakina rigakafi, sai gwajin jini ya ce "pozitif": suna da cutar ke nan?

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum jama'a. Ina Tawa, ina da ƴan awaki da tumaki a gidan babana wajen Abalak. Bara an yi musu allurar masassarar ƙananan dabbobi, wadda likitoci ke cewa PPR. Bana wasu ma'aikata suka zo suka ɗebi jininsu, da sakamako ya fito sai aka ce yawancinsu "pozitif" ne. Tun daga ranar tsoho bai da natsuwa, wai a kai su kasuwa kafin su fara zawo. Ni kuwa ina ganinsu lafiya lau, suna cin harawa, ba majina ba hawaye. Shin me ake dubawa cikin jinin nan?

Dokta Ɗan Yamai:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa tukuna. Idan jini aka ɗiba a kwalba aka bar shi ya daskare aka tsame ruwan sama, to galibi gwajin ELISA ne, kuma ba ƙwayar cutar yake nema ba. Birus ɗin PPR yana da furotin shida da suka gina jikinsa, ana kiransu N, P, M, F, H da L. Jikin akuya in ya haɗu da su sai ya ƙera nasa furotin na garkuwa, kowane da wanda yake kamawa, kamar makulli da kwaɗo. A laboratuwar ana shafa furotin N ko H a ƙasan ƴan ramukan faranti, a zuba ruwan jinin, a karanta launi da na'ura. "Pozitif" yana nufin akuyar ta taɓa gamuwa da birus ɗin, shi ke nan.

Allurar kuwa, wadda ake kira Nigeria 75/1, birus ne mai rai da aka raunana, furotin ɗinsa duk suna nan. Saboda haka akuyar da aka yi wa allura da wadda ta yi ciwo ta warke, sakamakonsu ɗaya. Hasali ma bayan kamfen na rigakafi ana ɗibar jini ne musamman don a ga ko allurar ta kama, tunda FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da PPR, yadda aka yi da cutar bushiya ta shanu a 2011. Ni da aka ce mini "negatif" ne zan damu.

Hajiya Mai Kiwo:
To Dokta, ni abin da ban gane ba, ga boru na shanu, wato ciwon baki da kofato, ai an ce ana iya bambance wadda aka yi wa allura da wadda ta yi ciwon. Me ya sa nan ba a iyawa?

Dokta Ɗan Yamai:
Gaskiyarki Hajiya. Allurar boru matacciyar ƙwaya ce da aka tace. Akwai wasu furotin, irin su 3ABC, da birus ba ya samar da su sai yana hayayyafa cikin jikin saniya. In an sami garkuwarsu a jini, to cutar ta shiga garken. Amma sai allurar ta kasance tatacciya sosai, in ba haka ba saniyar da aka yi ta yi wa allura za ta iya ruɗa mutum. Masu bincike suna ta ƙoƙarin samo wa PPR irin wannan allurar.

Ɗalibar Biyoloji:
Malam Ɗan Ader, ƙari a kan bayanin Dokta: in wata ta fara zazzabi da majina da gyambon baki, sai a shafo hanci ko ido da auduga, a nemi furotin ɗin birus ɗin kansa ko a yi PCR, gwajin da ke gano ƙwayar halittar birus ɗin. A sa samfurin cikin ƙanƙara, don daga Abalak zuwa LABOCEL, babban laboratuwar na dabbobi a Yamai, tafiya ce, zafi kuma yana lalata shi.  

Ɗan Ader:
Madalla, Allah ya ƙara ilimi. Amma Dokta, har da ƴan awaki biyu da aka haifa bayan allurar, su ma an ce pozitif.

Dokta Ɗan Yamai:
Wata nawa gare su? In ba su wuce wata uku zuwa huɗu ba, daga dakashin uwa suka samu, kuma zai gushe. Ka tabbata an yi musu tasu allurar in masu kamfen sun dawo.