Na kasa raba rumbun ajiyar sabuwar kwamfutata yadda nake so

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Don Allah ku taimaka mini, kwana uku ke nan ina fama.

Ina da ɗan shago a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, ina buga wa ɗalibai takardu. Na sayi sabuwar kwamfuta mai Windows 11, rumbunta 512GB. So nake in raba shi gida biyu: C ta riƙe Windows, D kuma aikin mutane. Dalilina, da tsohuwar ta lalace aka wanke ta, aikin wata ɗaliba babi biyar ya salwanta. Har yau ina tuna ta a bakin shago tana share hawaye da gefen hijabi.

Na shiga Disk Management, wurin da ake raba rumbu a Windows, na danna Shrink Volume, wato rage girma, a kan C. Filin da ba komai ya haura 400GB, amma abin da aka ba ni damar yankewa bai kai 230 ba. Ni kuwa 350 nake so.

Wani abokin sana'a ya ce wasu fayiloli ne da ba sa motsawa suka tare hanya, irin na System Restore, mai mayar da Windows yadda take a baya in ta samu matsala. In na kashe shi na ɗan lokaci, akwai haɗari? Na kuma ga alamar kwaɗon BitLocker, mai kulle bayanan rumbu, a jikin C, sai na cire shi tukuna?

Ba na son sake ɗora Windows daga farko. Wanda ya taɓa yi ya nuna mini daki-daki. Allah Ya saka da alheri.