Fulawa ta jiƙe a motar kamfani amma ni ake yanka wa albashi, haka ake yi?

Yaron_Singa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka san harkar sari da manyan kamfanoni, don abin nan ya hana ni barci wallahi.

Ni yaron shago ne a kasuwar Singa nan Kano, shekarata huɗu ke nan da maigidana, dilan fulawa ne da sukari da taliya, ni ke riƙe da makullin sito ni ke karɓar kaya in mota ta zo ni ke rubuta littafi, albashina dubu 50 ban da ɗan kuɗin abinci. A watan Agusta muka biya kuɗin tirela ɗaya ta fulawa buhu 600, kuma kun san yadda kamfanonin nan suke, sai ka biya kuɗinka cif tukuna sannan ka koma ka zauna jiran ranar da suka ga dama su yi maka lodi. Kwana 19 muka yi muna jira, masu gidan burodi da suka ba mu kuɗinsu kullum suna bakin shago, su kuma ba ruwansu da wani kamfani, ni suke gani ni suke yi wa masifa, har wani dattijo ya ce min wai juya musu kuɗi muke yi.

Motar ba ta iso ba sai wajen ƙarfe tara na dare ana yayyafi ga ba wuta, direba sai azalzala ta yake wai da asuba zai kama hanya. Da fitilar waya nake ƙirga 'yan dako suna saukewa. Na lura tamfol ɗin ya yage ta baya, na taɓa buhunan wajen na ji sanyi. Na kira maigida wayarsa a kashe, sai na kira ɗan kamfanin da ke kula da mu ya ce kai dai sa hannu a webil (takardar karɓar kaya) ka sallami direba, gobe zan zo da kaina in gani, in da matsala za a canza muku. Toh na sa hannu.

Da gari ya waye na buɗe sito na ware buhu bakwai. Na farke ɗaya na zura hannu, fulawar ta dunƙule ta yi tauri kamar simintin da ya sha ruwa, kafin kwana uku ta fara tsami gefen ya yi baƙi baƙi, ba mai burodin da zai kalle ta. Ɗan kamfani bai zo ba, yau gobe yau gobe, daga baya ma ya daina ɗaga wayata. Da maigida ya matsa sai suka ce ai webil ya nuna an karɓi kaya lafiya lau ga sa hannun yaronku, ba abin da za su iya. Asarar ta kai wajen dubu 400, maigida ya ce mu raba biyu, yanzu wata biyu ke nan yana cire min dubu 20, saura wata takwas, ga mahaifiyata da ƙannena ni suke kallo.

Tambayata, haƙƙina ne in biya kuɗin nan? Kuma akwai wata hanya da za a bi kamfanin nan su biya ko shi ke nan mun sha?

Baba_Mai_Sikeli:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar da alheri. Na haura shekara talatin a kasuwa, ni ma da yaron shago na fara, don haka na san zafin da kake ji.

Abin da muka ji daga malamai shi ne ɗan aiki amintacce ne, abin da ya lalace a hannunsa ba ya biya sai in ganganci ya yi ko sakaci. Ruwan nan ba kai ka zuba ba, tamfol ba kai ka yaga ba. Amma zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, inda maigidanka zai kama ka shi ne sa hannun nan, ka taɓa buhu ka ji sanyi kuma ka sa hannu ba ka rubuta komai ba. Mu tun muna yara abin da aka fara koya mana ke nan, ba a karɓar kaya da dare, direba ya kwana a motarsa in gari ya waye a sauke, in ya yi fushi ya juya da kayan. In kuma dole ta sa to ka rubuta a jikin takardar, buhu kaza ya jiƙe, ka sa direba ya dangwala a ƙasa.

Amma duk da haka ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa yaro mai dubu 50 asarar dubu 200 ba. Ranar da farashi ya tashi kaya na sito aka ci riba, an raba da kai? Da can yaro ba albashi yake ci ba, yana yi wa maigida hidima shekaru a sallame shi da jari, to wannan in aka ce ya ɗauki wani abu na asara da sauƙi don gidan nasa ne. Yanzu an koma albashi amma ana so yaro ya ɗauki asara irin ta mai jari.

Kada ka yi masa tsaurin ido. Ka samu dattijo ɗaya a layinku wanda yake jin kunyarsa, ko shugaban layin, ku zauna bayan la'asar a yi magana ta fahimta. Shekara huɗu yana ba ka makullin sito, ya san amfaninka.

Ummu_Hanan:

Kai ɗan'uwa ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni shekara biyu na yi ina kashiya a wani babban kanti a Kaduna, irin mai rassa ɗin nan, kuma abin da aka yi maka shi ake mana kullum da wani suna daban, wai shotej. Daga takwas na safe zuwa tara na dare a tsaye ba kujera, wai zama yana sa kwastoma ya ga kamar ba ka damu da shi ba, in dare ya yi a ƙirga kuɗin durowa, ko naira ɗari biyar ce ta ɓata a albashinki za a cire, amma ranar da kuɗi suka yi rara ba wanda zai ce ungo.

Mafi muni lokacin canjin kuɗi farkon 2023, ba tsabar kuɗi a gari kowa sai tiransifa ga sabis ba ya tafiya, layi har bakin ƙofa. Mutum zai nuna miki waya ga shi an cire masa kuɗi, mu kuma ba mu ga alat ba, in kin riƙe masa kaya ya zage ki tas a gaban mutane, in kin sake shi kuɗi ba su shigo ba ke za ki biya. Akwai wata mata da goyo ta sayi madarar jarirai da famfas, POS ya ƙi, ta yi tiransifa ta tsaya kusan awa ɗaya yaron na ta kuka, na kira sufabaiza ya ce ki yi abin da kika ga ya dace. Na sake ta. Kuɗin ba su shigo ba sai bayan kwana huɗu, kafin nan an riga an rubuta min shotej na dubu 18 kuma har na bar wajen ba a mayar min ba, kullum sai a ce takardar tana hedikwata.

Kuma ka san mu ba ma'aikatan kantin ba ne a takarda, wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo mu, in kin kai kuka ga manaja ya ce je ki wajen waɗanda suka ɗauke ki, su kuma su ce ai kantin ne ya rubuto. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ni dai shawarata duk abin da aka cire maka ka rubuta rana da adadi, ni rashin rubutun ne ya cuce ni.

Tsohon_Ɗan_Talla:

Malam bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki don na yi shekara biyar ina wakilin wani kamfanin kayan masarufi, Kano da Jigawa nake zagayawa. Ba kare wakilin da ya ce ka sa hannu nake ba, abin da ya yi maka bai kyauta ba ko kaɗan.

Sau da yawa motar da ta kawo muku kaya ba ta kamfanin ba ce, ta ɗan kwangilar sufuri ce. In kaya suka lalace a hanya kamfani daga kuɗin mai motar yake cirewa ko inshora ta biya, kuma hujjar da za su riƙe ita ce webil ɗin da aka rubuta matsalar a jiki. Da zarar ka sa hannu babu ƙorafi to a wajensu kayan sun zama naku tun daga wannan minti, mai motar ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Shi wakilin ya san haka sarai. Abin da ya dame shi a daren nan kada mota ta koma da kaya a rubuta masa an dawo da lodi, don taget ake ba mu duk wata, in ba ka cika ba babu kwamisho, wata uku a jere kuma ka fara neman wani aikin. Ko lokacin da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023 har zuwa watan Maris na 2024, 'yan Maraɗi da Damagaram da ke kwasar kaya a Singa suka ɗauke ƙafa, ko katan ɗaya ba a rage mana ba, sai dai mu je mu yi ta lallaɓa diloli su ƙara ɗaukar kayan da mun san zama za su yi a sito har su kusa esfaya.

Amma ba a ce shi ke nan ba. Kai ba za su saurare ka ba don ba kai ne mai asusu da su ba, maigidanka ne, kuma dilan da ke biyan kuɗin tirela guda ba ƙaramin mutum ba ne a wajensu. Ya rubuta takarda da sunan shagonsa zuwa ga manajan shiyya, kada ya bi ta hannun wakilin, a sa lambar webil da lambar motar da ranar, a haɗa da hotunan buhunan in ka ɗauka, da hoton kiran da ka yi wa wakilin a daren da lokacinsa. Kada ya ce a dawo masa da kuɗi, ba sa yi, ya ce a rage masa a lodi na gaba. Kuma ya aika daidai lokacin da zai biya sabon kaya, ƙarshen wata ya fi, lokacin kowa idonsa na kan taget. Na sha ganin an daidaita a haka.

Abu_Safwan:

Baba_Mai_Sikeli Allah ya ƙara girma, na yarda a fara da sulhu, amma ya kamata yaron nan ya shiga zaman ya san abin da doka ta ba shi. Dokar ƙwadago ta Najeriya sashe na 5 ta hana mai aiki cin tarar ma'aikaci daga albashi, in ma asara ce ta sakaci sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Kashi ɗaya cikin uku na dubu 50 bai kai dubu 17 ba, shi ana cire masa 20. Maganar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kam ba za ta taimake shi ba don ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ina cewa ka kai maigidanka ƙara ba ne, na san a kasuwa in ka yi haka ba mai sake ɗaukarka, amma dattijon da zai shiga tsakani ya san wannan.

Yaron_Singa:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Baba na karɓi laifin sa hannun, tsoro ne ya kama ni kada direba ya juya da kaya bayan mutane sun yi kwana 19 suna jira. Hotuna ina da su guda shida da na ɗauka da safen har da yagaggen tamfol ɗin da na ɗauka a daren, lambar motar ta ɗan fito a jiki, kiran ma yana nan a wayata ƙarfe 9:24. Jiya na nuna wa maigida abin da Tsohon_Ɗan_Talla ya rubuta, ya yi shiru ya ce in nemo kwafin webil ɗin, dama sati mai zuwa zai biya kuɗin sukari kuma duk kamfani ɗaya ne. Maganar cire kuɗin ban taɓo masa ba tukuna, na je wajen wani Alhaji maƙwabcinmu da suke sallah sahu ɗaya ya ce in bari sai ranar Juma'a.

Tsohon_Ɗan_Talla dan Allah takardar da Turanci za a rubuta ko Hausa ma za su karɓa? Kuma hannu da hannu za a kai ofishinsu ko ta imel ya fi?