Ta ina amigdala take haɗuwa da zagayen Papez?

Assalamu alaikum likitoci da yayyenmu da suka riga mu wuce wannan mataki. Ni ɗalibar likitanci ce a nan Jos. Jarrabawar sassan jiki ta matso, wani wuri a ƙwaƙwalwa kuma ya ƙi zama mini.

Zagayen da masanin ƙwaƙwalwa James Papez ya bayyana a 1937, wato hanyar da saƙo ke bi tsakanin wasu sassan ƙwaƙwalwa, na riƙe shi: saƙo ya tashi daga hipokampus, ya bi damin jijiyoyin da ake kira foniks zuwa mamilari, ya haura ɓangaren gaba na talamus, ya shiga singulet, ya dawo hipokampus. Sai dai shi Papez hanyar motsin rai ya ɗauke shi, yau kuma ana koya mana cewa aikinsa ya fi karkata ga tuna abubuwa. Amigdala, ɗan sashen ƙwaƙwalwar da ake dangantawa da tsoro, ma ba ta cikin zagayen, wani masanin mai suna Paul MacLean ne ya shigo da ita daga baya. To ta ina suke haɗuwa? Me ya sa wanda ya tsira daga hatsari a hanyar Akwanga ba ya manta ranar, alhali abin da ya ci shekaranjiya ya ɓace masa? Haddar sunaye kawai ba ta gamsar da ni, so nake in gane.

A ɗakin gawa kuma, foniks da istiriya taminalis (damin jijiyoyin da ke fitowa daga amigdala) duk sun lanƙwasa kamar lauje. Na karanta cewa ta biyun tana kwance a tsagin da ke tsakanin talamus da sashen da ake kira kodet, amma a ƙwaƙwalwar da ta sha fomalin (ruwan adana gawa) idona ya kasa raba su.

Don Allah, da wace alama kuke bambance su? Kuma wace yanka ce ta fi fito da su?