Musayar Waƙa: Shekara Takwas ɗin Obama a Majalisar Dattawan Jihar Ilinoi

Malam Na-Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum. Batunmu na wannan mako shi ne zaman Barack Obama a majalisar dattawan jihar Ilinoi, daga 1997 zuwa 2004, tun duniya ba ta san sunansa ba. Jihohin Amurka, in ban da Nebraska, kowace tana da majalisa biyu, saɓanin jihohin Najeriya masu majalisar dokoki guda. Amsa-amonmu "wa" ne.

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami,
Ya shiryar da harshena ga gaskiya ba kaucewa.

A zaɓen 1996 matashin lauya ya tsaya,
Mazaɓa ta 13 ce ta ba shi damar hayewa.

Kudancin Shikago ne, inda baƙar fata suka fi yawa,
Kuma masana'antun ƙarfe sun daɗe da durƙushewa.

Kujeru 59 ne a zauren da ke birnin Sifirinfil,
'Yan Rifablikan ke da rinjaye, su ke da ta cewa.

Shekara shida ya yi a layin marasa rinjaye,
Yana kai ƙuduri, sau da yawa kwamiti na binnewa.

Duk da haka a 1998 ya haɗa hannu da Kirk Dillard,
Ɗan ɗaya jam'iyyar, suka yi dokar da ta isa yabawa.

Ta hana ɗan majalisa zuba kuɗin kamfe a aljihunsa,
Ta taƙaita kyautar da masu kamun ƙafa ke kawowa.

Gwaggo Mai Tawada:

Malam, ka fara da kyau, amma ka tsallake bakin ƙofa,
Ni kuwa yadda aka shiga ɗaki nake fara dubawa.

Alice Palmer ce a kan kujerar, ta tafi neman ta tarayya,
Ita da kanta ta riƙo hannunsa ta yi masa gabatarwa.

Da ta faɗi a can sai ta waiwayo tana son gurbinta,
Manyan unguwa suka roƙe shi, ya ce shi ba ya janyewa.

Mutanensa suka zauna da takardun magoya bayanta,
Suna bin sunaye ɗaya-ɗaya, mai aibi suna fitarwa.

Sa hannu 757 doka ta nema kafin a tsaya takara, ingantattun nata suka gaza,
Ita da sauran masu nema uku, babu mai tsallakewa.

Na san doka ce ta ba shi, ban ce ya yi maguɗi ba,
Amma wadda ta nuna maka rijiya, ina dalilin turewa?

Sannan kusan sau 130 ya danna maɓallin rawaya,
Mai cewa "ina nan", ba amincewa ba ƙin amincewa.

Ɗan Damagaram:

Gwaggo, na rusuna, maganarki tana da nauyi,
Ban zo wanke shi ba, ƙari nake son kawowa.

Maɓallin rawaya tsohuwar al'ada ce a zauren Ilinoi,
Akan danna shi in rubutun ƙuduri na bukatar gyarawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne kayen shekarar 2000,
Da ya nemi kujerar Bobby Rush ta tarayya da gaggawa.

Ana daf da zaɓe aka kira ƙuri'ar dokar bindiga,
Yana Hawayi 'yarsa na jinya, ya kasa dawowa.

Jaridu suka yi masa ca, Rush ya ci 61 cikin ɗari,
Shi 30 kacal, ya koma da bashi da sanyin gwiwa.

Da wani ne, da ya tattara ya koma aikin lauya,
Shi sai ya ƙara zama da dattawan zauren yana saurarawa.

Baffa na Zangon Kumasi:

'Ya'yana, ku ba tsoho fili, ni abu ɗaya na riƙe,
Dokar 2003 ce, kuma ita nake ta maimaitawa.

A Shikago an yi wani kwamandan 'yan sanda, Jon Burge,
Shi da yaransa sun yi shekara da shekaru suna azabtarwa.

Sukan jona wa wanda ake zargi lantarki, su rufe kansa da leda,
Har ya amsa kisan da bai yi ba don numfashi na ƙarewa.

Gwamna George Ryan ya duba: an kashe 12, an wanke 13,
Sai a 2000 ya ce hukuncin kisa ya dakata da zartarwa.

Da 'yan Dimokurat suka karɓi zauren, Emil Jones ya shugabance shi,
Ya damƙa wa Obama ƙudurin da ya daɗe yana maƙalewa.

Abin da ya ƙunsa shi ne, in ana tuhumar mutum da kisan kai,
Dole na'ura ta naɗi tambayoyin daga farko har kammalawa.

'Yan sanda da masu gabatar da ƙara suka ƙi da farko,
Ya yi ta zama da su, layi bayan layi ana tacewa.

Ya nuna musu faifan zai kare mai gaskiya a cikinsu,
Ran da mai laifi ya ce an doke shi, faifan ne mai amsawa.

Ranar ƙuri'a babu sanata ko ɗaya da ya ce a'a,
Ilinoi ce jihar farko da majalisa ta yi wannan tilastawa.

Ina da ɗan ƙanwa da ya kwana uku a wani ɗaki mara taga,
Ya fito da yatsu biyu a karye, ya sa hannu ba karantawa.

Da akwai irin na'urar nan a kusurwar ɗakin ranar,
Da an hutar da uwarsa shekara biyu na roƙo da durƙusawa.

Gwaggo Mai Tawada:

Baffa, Allah ya ba ɗanka lafiya, na ji wannan har zuciya,
Dokar nan na yarda aiki ce mai amfanarwa.

Na ƙara masa da wadda ta sa ɗan sanda rubuta launin direba
Duk sa'ad da ya tsayar da mota, don gano masu bambantawa.

Amma batun Alice Palmer yana nan inda na ajiye shi,
Aikin da ya biyo baya bai goge shi ba, kuma ba na shirin mantawa.

Malam Na-Ƙofar Mata:

Gwaggo, ƙorafinki ya shiga takarda, ba mai taɓa shi,
Baffa, mun gode, saura in kai labarin ga rufewa.

A Nuwamban 2004 ya ci kujerar dattawan tarayya da 70 cikin ɗari,
Ya ajiye ta jiha, Kwame Raoul aka ba ya ci gaba da riƙewa.

Dokar naɗin kuwa sai a 2005 ta fara aiki,
Yana can Washinton aka kunna na'urorin suka fara naɗawa.