Me ke kayar da manyan dauloli, kuma da wa Kirista yake yaƙi?

Bulus, Fot Sudan:

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana. Ni malamin makaranta ne, na shekara tara ina koyarwa a Khartum kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya koro ni da iyalina zuwa nan Fot Sudan, inda muke taruwa mu 'yan kaɗan masu jin Hausa muna sujada a ɗakin wani ɗan'uwa. A taron addu'armu na makon jiya wani matashi ya miƙe ya ce abin da ya sami ƙasar nan aikin aljanu ne masu mulkin yankuna, har ya ambaci wasu ƙabilu ya ce su ne ƙofar da Shaiɗan ya shigo ta cikinta, saboda haka mu yi azumi mu karya su da addu'a. Maganar ta hana ni barci.

Tun kafin yaƙi na taɓa kai ɗalibaina kangon Soba a bakin Shuɗin Nilu, na kuma ga zane-zanen majami'ar Faras a gidan tarihi na ƙasa, hotunan bishop-bishop baƙaƙen fata irina. Daulolin Kirista sun yi kusan shekara dubu a ƙasar nan, yau babu su. Ina roƙon a fahimtar da ni abin da ke kayar da babbar daula. Idan kuma akwai hannun mugun ruhu a ciki, kamar yadda na gaskata akwai, yaya ya kamata Kirista ya yi wannan yaƙin ba tare da ya mai da maƙwabcinsa abokin gaba ba?

Fasto Ishaya, Gadarif:

Ɗana Bulus, salama gare ka da gidanka. Ka yi daidai da ka soma da Soba da Faras, domin a wurinsu amsar rabin tambayarka take. Bishara ta shiga Nubiya, wato ƙasar waɗannan dauloli a bakin kogin Nilu, wajen shekarar 543, wani mai wa'azi Longinus ya kai ta har daular Alwa, mai hedikwata a Soba, a 580. A 652 rundunar Larabawa ta kewaye Dongola, hedikwatar wata daular Kirista ta Nubiya, ba ta ci ta ba, sai aka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Baƙt, wadda ta daɗe kimanin shekara 600. Ka lura da wannan: a lokacin da maƙiyi na waje yake kan ganiyar ƙarfinsa, Nubiya ta tsaya.

Rushewar ta soma ne daga cikin gidan sarauta. Sarki Dauda na Dongola ya kai hari tashar jiragen ruwa ta Aizab a bakin Bahar Maliya a 1272, sannan ya taɓa Aswan, sai wani ɗan'uwansa mai suna Shakanda ya tafi Alƙahira ya nemi Sarki Baibars na Masar ya taimake shi ya karɓi gadon mulki. A 1276 rundunar Mamluk, wato sojojin Baibars, ta zo ta naɗa shi, daga nan duk ɗan sarkin da ya yi fushi ya san hanyar Masar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1317 aka mai da zauren sarauta na Dongola masallaci. Akwai kuma wani abu da ba ma son tunawa, wato Baƙt ɗin nan da ta ba su zaman lafiya ta ƙunshi miƙa bayi 360 kowace shekara, ke nan daula mai kiran sunan Almasihu ta riƙa sayen kwanciyar hankalinta da 'ya'yan mutane.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ƙarshen ikkilisiyar kanta. Bishop-bishop ɗinta daga hannun Babban Limamin Iskandariya suke samun naɗi, kuma ta jingina ƙwarai da fada, don haka da fada ta raunana hanyar Masar kuma ta toshe, sai makiyaya suka ƙare. Wani limami ɗan Fotugal, Francisco Alvares, wanda ya zauna a Habasha a shekarun 1520, ya ba da labarin mutanen Nubiya da suka zo suna roƙon sarkin Habasha ya aika musu da limamai, aka ce musu babu, domin Habasha ma daga Masar take samun nata shugaban. Suka koma hannu wofi.

Game da yaƙin ruhaniya, ka buɗe wa matashin nan Afisawa sura 6, daga aya 10 zuwa 18. Manzo Bulus ya faɗa a fili cewa kokawarmu ba da nama da jini take ba, saboda haka duk wanda ya sa sunan wata ƙabila a gurbin Iblis ya riga ya saɓa wa ayar da yake tsammanin yana bi. Ka sa shi ya ƙidaya makaman da kansa, gaskiya da adalci da bisharar salama da bangaskiya da ceto da maganar Allah, sa'an nan addu'a a kowane lokaci, ya gaya maka wanne ne a cikinsu ake ɗaga wa mutum.

Malam Abubakar, Mai Wurno:

Ni Musulmi ne, amma ku ba ni dama in sa baki, domin kakannina ma gudun faɗuwar daula ne ya kawo su nan. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, garinmu da ke kusa da Sinnar sunansa ya ci. Dattawanmu ba su taɓa cewa bindigar Bature kaɗai ta kayar da su ba. Sukan tuna cewa shekara goma kafin haka Kano ta sha yaƙin basasa tsakanin Tukur da Yusufawa, sukan kuma maimaita maganar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci.

Ibnu Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya ce ƙarfin daula yana cikin haɗin kan mutanenta, kuma idan masu mulki suka saba da jin daɗi sai kashe kuɗinsu ya ƙaru, su tsananta haraji, manomi da ɗan kasuwa su karaya, baitulmali ya bushe, a koma hayar sojoji. Ni dai ban san bayanin da ya fi wannan dacewa da abin da idanunmu suka gani ba, tun daga tsadar burodin da ta tayar da Atbara a Disambar 2018 har zuwa ranar da runduna biyu na ƙasa ɗaya suka juya wa juna bindiga.

Malam Bulus, ka ja kunnen yaron nan. Mu Hausawan yankin Shuɗin Nilu mun san abin da ke biyo baya idan aka ce wata ƙabila ce matsalar ƙasa, domin a 2022 mun binne mutanenmu a kan irin wannan magana.

Mama Rifkatu, Kasala:

Baba Fasto, na karanta bayaninku sau biyu kuma na ƙaru, amma ina jin tsoron kada masu karatu su ɗauka cewa duk maganar tarihi ce da siyasa, Shaiɗan kuwa suna ne kawai. Ni ungozoma ce, na fito daga Wad Madani a Disambar 2023 da abin da ke jikina. Abin da na ga an yi wa mata a hanya, ba zan iya rubuta shi a nan ba, kuma babu mai gamsar da ni cewa haraji da rikicin sarauta sun isa su bayyana yadda ɗan mutum yake zama haka. Akwai mugun iko a bayan wannan, Littafi Mai Tsarki kuma bai ɓoye shi ba, tunda a Daniyel sura 10 an yi maganar wani mai mulkin Farisa da ya tare mala'ika kwana 21.

Sai dai ku duba abin da Daniyel ya yi. Bai tashi yana tsawata wa ruhun Farisa ba, bai ma san da wannan kokawa ba sai da aka gaya masa. Ya yi makoki da azumi, a sura 9 kuma ya furta zunubin jama'arsa yana cewa mun yi zunubi, ya sa kansa a ciki, alhali shi mutum ne mai tsoron Allah. A zumuntar matanmu haka muke ƙoƙarin yi. Yaƙin da na fi sha a zuciyata yake, domin na yi watanni ba na iya faɗin sashen nan na Addu'ar Ubangiji da ke maganar gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, ina isowa wurin sai bakina ya mutu. Ranar da na iya faɗinsa da hawaye, na san an ƙwace wani abu daga hannun Mugun.

Fasto Ishaya, Gadarif:

Mama Rifkatu, Allah ya warkar da zuciyarki, kin cika abin da na rage, kuma ban musanta ko kalma ɗaya ba. Iblis yana aiki, amma da kayan da ya tarar yake aiki, wato haɗamar mai mulki da ƙaryar mai shaida da ƙiyayyar da aka shayar da yaro, shi ya sa tarihi da addu'a ba sa karo da juna a wurina. Zan ƙara gargaɗi ɗaya kawai. Da Alarik, sarkin wata ƙabilar Turai mai suna Got, ya washe birnin Rum a 410, masu bautar gumaka suka ce laifin Kirista ne, Kirista da yawa kuma suka rikice domin sun ɗauka Rum ita ce mulkin Allah. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya shafe shekaru yana rubuta amsa cewa birnin Allah dabam yake da kowace daula ta duniya, shi kansa kuma ya rasu a 430 maƙiya na kewaye da garinsa. Don haka kada mu ce duk ƙasar da ta faɗi ta fi sauran zunubi, domin Yesu ya hana irin wannan hukunci a Luka sura 13, da aka ba shi labarin waɗanda Bilatus ya kashe.

Bulus, Fot Sudan:

Na gode, Baba Fasto, na gode Mama. Malam Abubakar, Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ya ba ku haƙuri. Jiya na zauna da matashin, sai na gane cewa an kashe yayansa a Omdurman, kuma tun lokacin babu wanda ya zauna ya saurare shi, har da ni da nake ganinsa kowace Lahadi. Mun karanta Afisawa 6 tare, bai ce ya yarda ba, amma ya amince ya bar ambaton sunan kowace ƙabila a cikin addu'a, kuma zai zo gidana cin abinci ranar Juma'a.

Labarin mutanen da suka je Habasha neman limamai ya tsaya mini a rai, domin mu ma a nan ba mu da fasto, kuma yaranmu bakwai sun fi iya karatun Larabci a kan na Hausa. Na yanke shawarar soma koya musu karatun Littafi Mai Tsarki kowace Asabar da yamma. Baba Fasto, idan akwai mai zuwa Fot Sudan daga Gadarif, ina roƙo ku aiko mana da Sabon Alkawari na Hausa ko guda uku ne, domin guda ɗaya tak muke da shi, shi ma bangonsa ya cire.